Me ya sa wanda ya fi ƙuri'u zai iya faɗuwa zaɓe a Amurka?

Malam, ka tambayi yadda Hillary Clinton ta fi Trump ƙuri'u kusan miliyan 3 a 2016, amma shi ya hau mulki. Ba maguɗi ba ne, haka tsarin nasu yake tun da suka rubuta kundin mulki a Filadelfiya a 1787.

Wakilan jihohi da na babban birni Washington su 538 ne ke zaɓen shugaban, wanda ya samu 270 ya ci. Kowace jiha tana da wakilai daidai da yawan 'yan majalisar wakilanta da sanatocinta biyu: Kalifoniya 54, Wayomin 3 kacal. Inda gizo ke saƙar shi ne, ban da Maine da Nebraska, duk wanda ya yi rinjaye a jiha ko da ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe wakilanta kaf. Ka tara miliyoyi a Kalifoniya, rarar ba ta ƙara maka komai. A 2000, ƙuri'u 537 a Fulorida ne suka ba Bush kujerar.

Ni dai tsarin bai kwanta mini ba, don ya sa 'yan takara suna tarewa a jihohi irin su Fensilbeniya, inda kowane ɓangare zai iya yin rinjaye, sauran kuwa sai dai su gan su a talabijin.