Lambun dabino a Madina: lissafi kafin sa hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon dabino a Madina. Wani dattijo mai lambu a wajen Uyun, nan gefen Madina, bishiya kusan 300, yawanci ajwa da safawi, ya ce in karɓi aikin lambun bana mu raba amfanin biyu. Ina da riyal 60,000 da na tara don sarin kayan azumi. In raba kuɗin ne tsakanin shago da lambu, ko in ce masa sai bayan salla?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Maganar "bayan salla" ita ce ta fi damuna a wasiƙarka, domin dabino ba ya jira. Da zarar sanyi ya fara janyewa, daga Fabrairu zuwa Maris, hudar macen dabino take tsagewa, kuma kwanaki kaɗan ne take karɓar talƙihi, wato barbara. Kwana biyu zuwa huɗu na farko su ne mafi kyau. In lokacin ya wuce, nonon zai fito shis, 'ya'ya ƙanana marasa ƙwallon kirki, waɗanda kai da kanka ba za ka ɗora a kan teburin shagonka ba. A 'yan shekarun nan kuma azumi yana faɗowa daidai kan wannan aikin: a 2025 ranar 1 ga Maris aka ɗauki azumi, kuma kowace shekara yana matsowa da kimanin kwana 11. Lokacin da shagonka ya cika maƙil da masu umara, lokacin ne lambun yake neman ido a kansa kullum. Taura biyu ba ta taunuwa.

Saboda haka tambayar farko ba ta kuɗi ba ce, ta mutum ce. Wa zai hau? Hudar bishiya ɗaya ba ta tsagewa rana guda, sai mai hawa ya koma mata sau biyu ko uku, wani lokaci fiye. Bishiya 300 ke nan ana maganar hawa kusan dubu a cikin 'yan makonni, mutum yana azumi. Kafin haka ma sai an cire ƙayar rassa, in ba haka ba hannu ba zai shiga ba. Gwanin aikin za ka gan shi da damin hudar namiji rataye a wuya, ya zari sili kaɗan, ya karkaɗa, ya cusa su a kife cikin hudar macen, ya ɗaure sakwa-sakwa da ganyen dabino. Irin waɗannan mutane kowa nemansu yake a wata ɗaya, don haka ka yi ciniki da su tun yanzu, a kan kowace bishiya har a gama, kuma ka tabbata takardunsu na aiki daidai suke.

Ka tambayi dattijon namiji nawa ke lambun. Manoma kan ƙiyasta namiji ɗaya ga mata kamar 25. In babu isassu, sayen huda zai shiga lissafinka, kuma kada ka bi araha a nan: irin namijin yana shafar girman dabino da lokacin nunarsa.

Kafin ka sa hannu, ka shiga lambun da ƙafarka, ba a mota ba. Ka durƙusa gindin bishiyoyin, musamman ƙanana masu 'ya'yan gindi. In ka ga ruwa mai kauri, launin ruwan ƙasa, yana tsatsowa da wari, ko wani abu kamar dusar katako a ƙasa, to jan ƙwaron dabino ne, wanda ake kira susa. Tun 1987 aka fara ganinsa a Ƙaɗif, gabashin Saudiyya, ya bazu har ya iso yankinku, kuma ciki yake ci a ɓoye. Warin sabon sara ke jawo shi, shi ya sa ake sassabe rassa cikin sanyi, a shafa magani a wurin yankan. In ka gan shi, a sanar da Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma, a kuma rubuta bishiyoyin da suka kamu tun kafin ka karɓa, don kada gobe a ce a hannunka suka mutu. Ka sa a kunna injin ruwa a gabanka, ka bi tiyo har bishiyar ƙarshe.

Ita kuwa yarjejeniyar, musaƙa ce, wato kula da lambun wani a kan kaso na amfanin, kuma halas ce; a kan rabin amfani Manzon Allah (SAW) ya bar wa mutanen Khaibara gonakinsu. Sharaɗinta a ambaci kaso, rabi ko sulusi, ba a ce kilo kaza ko bishiyoyin nan naka waɗancan nawa ba. Talƙihi da ban ruwa aikinka ne. Amma babban gyara mai ɗorewa, kamar haƙa rijiya ko sake famfo, na mai lambu ne, kuma a rubuta hakan ƙarara da shaidu. Mutunci tsakaninka da dattijo ba zai biya kuɗin famfo ba in ya ƙone a watan Yuli. A rubuta zakka ma: tunda da inji ake ban ruwa, rabin ushiri ne, kashi 5 cikin 100.

Batun riyal 60,000, ra'ayina kada ka taɓa su kafin azumi. Kuɗin shago cikin makonni yake juyawa ya dawo, na lambu kuwa in ka zuba a Fabrairu ba ka ganinsa sai wajen Agusta ko Satumba, kuma a tsakani akwai rage 'ya'ya, ɗaure nonna, sa musu raga, wuta da albashi. Ka karɓi lambun ne kawai in kana da wani kuɗi daban da zai kai ka girbi, da kuma amintaccen mutum da zai kwana a can.

In babu su, ka faɗa wa dattijon gaskiya da wuri domin ya nemi wani kafin huda ta tsage. Ka roƙe shi ya fara yi maka tayi idan dabinon ya soma nuna, lokacin da sayensa a kan bishiya ya halatta, ka kuma nemi izinin leƙa lambun bayan salla ka rubuta abin da kowane aiki ya ci.