Wane makarin taɓo zan sa wa tayar baya?

Malam, ka ce babur ɗinka irin na shiga daji ne, kuma da damina taɓo na ɓata maka baya da injin. Makaran iri biyu ne, aikinsu daban.

Wanda ke rungume taya ta sama shi ke kare shoka da sarƙa daga yashi da tsakuwa. Sai dai ka lura da tazara: in ya matse taya, musamman mai manyan haƙora, laka mai danƙo irin ta hanyoyin Doguwa a watan Agusta za ta cushe tsakani har taya ta riƙa gurzar robar. A bar wurin da yatsu biyu za su shige. Ka duba ko tayarka inci 17 ce ko 18 kafin ka biya.

Ƙaramin da ke rataye a bayan taya, irin na babur ɗin BMW GS, shi ke hana zanen taɓo a gadon bayan riga. Ni shi zan fara saya.

Ɗauki na roba mai lanƙwasuwa, mai tauri tsagewa yake yi. Je da babur ɗin kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano a gwada a gabanka, a sa washa (ɗan zoben da ke riƙe kusa) a kusoshin, don gargada na kwance su.