Tambayi Anti: Siket ɗin net na yara, a saya ko a haƙura?

Wata uwa daga Kaduna ta ce: "Anti 'yata za ta cika shekara 3, ina so in saya mata siket ɗin nan mai kumbura da ake ce wa tutu don hoton bazday. Na gani a Instagram an rubuta orijinal na 'yan rawar bale, amma kuɗin ya ba ni tsoro."

'Yar uwa ajiye kuɗinki, ba orijinal ba ne. Na ainihin 'yan bale, wato rawar nan ta Turawa da ake yi a kan yatsun ƙafa, ana jera net mai tauri hawa goma ko fiye, a ɗinke da hannu a jikin wando, wani har da waya a ciki don ya miƙe kamar faifai, kuma a gwada shi a jikin mutum ɗaya. Wanda kika gani net ne aka tattara a jikin roba, duk tela mai hankali a unguwarku zai yi miki shi. Ki sayi yadin net mai laushi, ki ce ya sa shafi na auduga a ciki saboda ƙaiƙayi, ya bar roban da ɗan sarari ta sa shi har baɗi.

Amma tsaya, tunda kin ce bazday akwai maganar da ba zan bari ta wuce ba, wato wuta. A watan Nuwamba 1862 a gidan wasan Opera na Paris, wata 'yar rawa Emma Livry tana gwajin wasa siket ɗinta ya taɓa fitilar gas, nan take ya kama. Kafin nan hukuma ta sa dokar a riƙa jiƙa kayan wasa da maganin hana kama wuta, ita ta ƙi don yana dusashe farin ya sa kayan tauri, har takarda ta sa wa hannu. Ta yi jinyar ƙuna wata 8, ta rasu a Yulin 1863 tana da shekara 20. Kafin ita Clara Webster ta rasu ta wannan hanya a Landan a 1844. Na yanzu kuma nailon ne ko foliyesta, narkewa yake yi ya manne a fata. To ku faɗa min wane irin ganganci ne a sa wa yarinya wannan kaya a tsayar da ita gaban kek da kyandir a kunne, kowa na riƙe da waya yana bidiyo babu mai kallon bakin siket? Ga kaskon turaren wuta a tsakar ɗaki, ga risho a kicin ana soya kaji, yara na guje-guje. Wallahi mun fi damuwa da kalar balan-balan fiye da wannan. A ɗauki hoto a cire mata kafin a kunna komai, kuma don girman Allah kar ki kifa shi kan kasko wai ya yi ƙamshi.

Wata daga Abuja ta rubuto hankalinta a tashe: makarantar 'yarta ana koyar da bale, an ce a kawo siket, ita kuma gajartarsa ke damunta, tana tsoron a ga ta cika ƙauyanci.

Kwantar da hankalinki Maman yarinya, babu ƙauyanci a nan ko kaɗan. Shi siket ɗin ma da tsawonsa ya fara. Wanda 'yar rawa Marie Taglioni ta sa a wasan La Sylphide a Paris a 1832, wanda daga shi abin ya yi suna, fari ne mai taushi da ya sauko har ƙwauri, ana so ta yi kamar ba ta taɓa ƙasa. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 aka yi ta rage shi don 'yan kallo su ga aikin ƙafa, lokacin da irin su Pierina Legnani 'yar Italiya ke juyi 32 a jere a dandalin Rasha. Dogon har yau ana sa shi a manyan wasanni. Ki samu malamar ki ce mata dogo kike so da dogon wando a ciki, ɗan koyo ma ba ya buƙatar mai taurin nan.

Wani bawan Allah ya ce matarsa na son kala uku, don a canja wa jaririya 'yar wata 6 sau uku a hoto.

Haba Malam, kala uku a wannan tsadar madara da famfas? Jaririyar ma kuka za ta yi don net yana sukar fata. Ɗaya ya isa, ko ku ari na maƙwabta.

Ta ƙarshe tana tambaya ko za ta iya yi masa guga. A'a, narkewa zai yi. Ki wanke da ruwan sanyi ba tare da murza ba, ki rataye shi ƙasa a sama a inuwa, kumburinsa zai dawo.