Ɗakuna cike, aljihu wayam: ina kuɗin otal ɗina ke tafiya?

Tambaya: Ina da otal mai ɗakuna 20 a Kano. Da baƙi suka ragu, manajana ya ba ni shawarar rage kuɗin ɗaki daga naira 25,000 zuwa 15,000. Yanzu kusan kullum a cike muke, amma a ƙarshen wata da ƙyar nake biyan albashi. Ko sata ake yi mini?

Amsa: Alhaji, Allah ya rufa asiri. Ban kawar da yiwuwar sata ba, amma kafin ka zargi yaranka, ka dubi lissafin da ka kawo da kanka. Ɗakuna 20 a kan naira 15,000 suna kawo naira 300,000 a dare, daidai da abin da ɗakuna 12 kacal za su kawo a tsohon farashi, wato ɗawainiyar ɗakuna takwas kake ɗauka kyauta.

Maganar da ta jefa ka cikin wannan hali ita ce wadda nake ji kusan kullum har ta gundure ni, wai gara ɗaki ya kwana da baƙo ko nawa ne da ya kwana a rufe. Masu kiran kansu ƙwararru a Facebook suna ta yaɗa ta, alhali yawancinsu ba su taɓa riƙe takardar kuɗin wuta ta otal ba. Ɗakin da ke rufe ba ya shan wuta, ba a wanke zanen gadonsa, ba ya cin sabulu ko karin kumallo, katifarsa kuma ba ta lotsawa. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta kusan yini duka, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai doki ɗaya da rabi da ya kwana yana aiki yana iya lashe fiye da naira 2,000, kuma idan kamfanin raba wuta na KEDCO ya ɗauke wuta aka koma janareta, man gas ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Abin da ya fi muni shi ne baƙon da ya saba da 15,000 zai ga zalunci ne ranar da ka nemi komawa 25,000.

Ka tuna kuma harajin VAT na kashi 7.5, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020, amanar gwamnati ce a hannunka, kuma a wannan sana'a ana ware kimanin kashi 4 na ciniki domin sauya katifu da kayan ɗaki. Wanda bai cire waɗannan ba, uwar kuɗinsa yake ci.

Ka sa akanta ya fitar maka da abin da ɗaki guda ke ci a dare, sannan ka mayar da farashi sannu a hankali, ka bar rangwame ga masu dogon zama da ƙungiyoyin da ke kama ɗakuna da yawa lokaci guda.