Gudan jini a ƙafar mai jego: me ya daskarar da shi, kuma me wafarin ke yi?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Likita. Uwargidana ta haihu ta hanyar tiyata. Bayan kwana 12 ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga sharaɓa har cinya, ga zafi. A asibiti aka ɗauki hoto aka ce jini ne ya daskare a jijiya. Suka fara yi mata allura a fatar ciki safe da yamma, suka haɗa mata da ƙwayar wafarin, suka ce za a riƙa gwada jininta. Ni na san jini yana daskarewa in ya fito ya sha iska, to ta yaya zai daskare a jikin mai rai? Me ya sa allura da ƙwaya tare? Sannan yayarta ta hana ta zogale da alayyafo, wai suna kashe maganin. Haka ne? Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba maijego lafiya. Kun kyauta da kuka tafi asibiti maimakon a tsaya ana gasa ƙafar ana murzawa, domin murza irin wannan ƙafa kan iya ɓalle gudan ya bi jini zuwa huhu.

Ba iska ce ke daskarar da jini ba. Duk kayan aikin daskarewa suna cikin jinin tun farko, suna yawo da shi dare da rana, sai dai a kwance suke kamar masu barci. Abin da ke tashinsu shi ne jinin ya taɓa abin da bai saba taɓawa ba. Kowace jijiya tana da wani siririn shafe mai santsi daga ciki. Muddin shafen nan na nan lafiya, jini wucewa kawai yake yi. Da zarar ya yage, zaren kolajin da ke ƙarƙashinsa ya fito fili, sai wani dogon furotin mai danƙo ya manne masa. Ana kiran furotin ɗin da sunan likita ɗan ƙasar Finland, Erik von Willebrand, wanda a 1926 ya bayyana wani iyali da ke fama da zubar jini saboda matsalar wannan furotin. Shi ke cafko filatilet, wasu 'yan mitsi-mitsin ɓarɓashi da ɓargo ke zubowa cikin jini, guda 150,000 zuwa 450,000 a kowace mikirolita (ɗan mitsitsin ɗigon jini), masu rayuwar kwana 7 zuwa 10. Filatilet ɗin da ya manne yakan sauya siffa, ya fitar da sinadaran da ke kiran 'yan'uwansa, su taru su toshe ɓarakar.

Wannan toshiyar ba ta da ƙwari. Kamar ka jera tubali ne babu kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ruwan farko zai tafi da shi. Ƙwarin yana zuwa daga wasu furotin da mafi yawansu hanta ke ƙerawa, waɗanda aka raɗa wa lambobi. A naman da ke kewaye da jijiya akwai wani furotin da bai kamata jini ya haɗu da shi ba. In suka haɗu, sai ya kama mai lamba 7, su biyun su tashi mai lamba 10, shi kuma ya haɗa kai da mai lamba 5 su yanka furotirombin ya zama tirombin. Riƙe sunan nan, Malam, domin tirombin shi ne madugun tafiyar. Ɗan kaɗan ɗin da aka fara samu ba ya isa komai, amma sai ya koma baya ya tashi masu lamba 5 da 8 da 11, ya ƙara zuga filatilet, su kuma su haifar da wani tirombin ɗin ninkin ba ninkin. Sa'an nan ya juya kan fibirinojin da ke narke cikin jini, ya datse masa kai, sai ya zama zaren fibirin da ke saƙa kansa kamar taru, yana kama jajayen ƙwayoyin jini. Mai lamba 13 ya zo ya ƙulle saƙar. A nan ne za ka gane yaron da aka yi wa kaciya jini ya ƙi tsayawa, aka ce kawunsa na wajen uwa ma haka ya yi: sau da yawa mai lamba 8 ko 9 ne ya gaza, aikin ya fara amma ya kasa bunƙasa.

Tambayar da ta fi ba ni mamaki tun ina ɗalibi ita ce kishiyar taka: abu mai ruruwa haka, me ya hana shi cinye jiki duka daga yankan reza guda? Amsar ita ce takunkumi, kuma yana da yawa. Lafiyayyen shafen jijiya yana fitar da sinadaran da ke kwantar da filatilet. Akwai antitirombin da ke yawo yana kama duk tirombin da mai lamba 10 da suka bar wurin rauni. Mafi ban sha'awa, in tirombin ya faɗa kan lafiyayyen shafe, wani furotin mai suna tirombomodulin yakan riƙe shi ya juya masa hali: wanda ɗazu ke hura wuta sai ya koma tashin furotin C, shi kuma da taimakon furotin S ya lalata masu lamba 5 da 8. Bayan rauni ya warke kuma, wani furotin mai suna filasmin ya bi zaren fibirin yana yayyankawa har hanya ta buɗe. Ku mutanen Gombe kun san abin da ke faruwa in aka tsallake takunkumin nan. Dafin kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, kai tsaye yake tashin furotirombin a ko'ina cikin jiki, har fibirinojin ya ƙare ƙaf, mutum ya koma zubar jini ta dasashi. Shi ya sa a asibitin saran maciji na Kaltungo ake zuba jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalbar gilashi a jira minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga.

To me ya sami uwargidanka? Masana suna jingina wa likitan Jamus Rudolf Virchow dalilai uku: jini ya yi kwance, jijiya ta ji rauni, ko jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa. Ita ta haɗa duka ukun. Jikin mai ciki yana shirya wa ranar da mabiyiya za ta rabu da mahaifa, saboda haka fibirinojin da mai lamba 8 sukan ƙaru, furotin S ya ragu, kuma abin ba ya komawa daidai sai kimanin mako 6 bayan haihuwa. Rahama ce da ke hana mata da yawa mutuwa a kan gwiwa, amma ga ta da nata haɗarin. Tiyata ta taɓa jijiyoyi. Kwanciya kuma ta sa jini ya yi kwance a ƙafa, wurin da motsin tsokar sharaɓa ne ke tura shi sama. Hagu ta fi kamuwa domin a ƙugu babbar jijiyar da ke kai jini ƙafar dama ta gitta ta kan mai dawo da jinin ƙafar hagu tana danne ta.

Yanzu maganin. Ana ce masa mai tsinka jini, amma jininta ba zai zama ruwa-ruwa ba, kuma ba shi zai narkar da gudan ba. Aikinsa ya hana gudan girma da ɓallewa, filasmin na jikinta ya samu sararin cinye shi cikin makonni da watanni. Allurar, dangin hefarin ce, tana manne wa antitirombin ta ninka saurin aikinsa sosai, shi ya sa take kamawa cikin sa'o'i. Wafarin kuwa hanta yake zuwa. Masu lamba 2 (wato furotirombin), 7, 9 da 10 ba sa iya riƙe kalsiyam su zauna a jikin filatilet sai hanta ta yi musu wani ɗan gyara, gyaran kuma da bitamin K ake yinsa. Duk sanda aka yi amfani da bitamin ɗin sai an sabunta shi kafin ya sake aiki, wafarin kuma mai sabuntawar yake toshewa. Amma ba ya taɓa waɗanda aka riga aka ƙera. Mai lamba 7 rabinsa kan ƙare cikin kamar sa'a 6, furotirombin kuwa sai ya kai kusan kwana 3. Ga wani abin kuma: furotin C, wanda takunkumi ne, shi ma da bitamin K ake gyara shi, kuma yana cikin masu saurin ƙarewa. Ke nan a kwanakin farko wafarin shi kaɗai kan iya kwance takunkumi kafin ya rage wutar. Dalilin haɗa shi da allura ke nan na aƙalla kwana 5, har gwajin INR, wato gwajin jinin da ke auna jinkirin daskarewa, ya zauna tsakanin 2 da 3. Asalin maganin ma daga shanu ne: a shekarun 1920 shanu a Kanada da arewacin Amurka suka yi ta mutuwa da zubar jini bayan cin ruɓaɓɓen harawa, daga baya Karl Link da abokan aikinsa a jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin. An fara sayar da wafarin a 1948 a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane.

Yayarta ta kama gefen gaskiya, amma shawararta ba daidai ba ce. Ganye kamar alayyafo da zogale da kabeji suna da bitamin K, kuma yawansa na rage ƙarfin wafarin. Sai dai abin da ke rikita magani shi ne sauyi: wannan makon kwaɗon zogale kullum, mako mai zuwa ko ɗanɗane. Mace mai shayarwa wadda ta zubar da jini tana bukatar ganyenta. Ta ci yadda ta saba, gwargwado ɗaya, likita ya daidaita ƙwayar da cimarta. Abin da na fi jin tsoro shi ne kemis da jiƙe-jiƙen jego. Flagyl da Septrin suna ƙara wa wafarin ƙarfi har a kai ga zubar jini. Asfirin, ibufurofen da dikulofenak suna kashe kuzarin filatilet, su kuma ci ciki. Maganin tarin fuka rifamfisin kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Kada ta sha komai, na Bature ko na gargajiya, sai mai duba INR ɗinta ya sani.

Ta ci gaba da shayarwa, wafarin da hefarin ba sa cutar da jariri ta nono. Amma wafarin na illa ga ɗan tayi, don haka ku tattauna tazarar haihuwa da likita tun yanzu, in kuma ta sake samun ciki ta faɗi wannan tarihin ranar awon farko. Yawanci maganin kan ɗauki wata 3 ko fiye, kada ta daina don kumburi ya saɓe. Ta riƙa takawa a tsakar gida, ta ɗaga ƙafar in ta zauna. In ka ga numfashinta ya yi wuya farat ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko jinin biƙi ya dawo da ƙarfi, ko matsanancin ciwon kai, ka ɗauke ta zuwa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, ka tafi da ƙwayoyin da katin gwajinta a hannu.