Amsa: Ɗan majalisa zai iya zama alƙali ta hanyar zaɓe?

Malam, ka tambaya ko da gaske ne a Amurka ɗan majalisar jiha yakan ajiye kujerarsa ya tsaya takarar alƙali. Gaskiya ne, a jihohi da dama da ƙuri'a ake hawa kujerar shari'a, ba kamar nan gida Najeriya ba inda gwamna ke naɗawa bisa shawarar majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, wato NJC.

Dubi Sandra Day O'Connor. A 1969 ta shiga majalisar dattawan jihar Arizona, a 1973 ta zama shugabar masu rinjaye, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a Amurka. Ana ganin tauraruwarta na haskawa, sai ga ta a 1974 ta tsaya takarar alƙalin kotun gundumar Maricopa, kuma ta ci. Da ma lauya ce, kar ka ɗauka kowa ke iya tsayawa. A 1981 Shugaba Ronald Reagan ya kai ta Kotun Ƙolin Amurka, sanatoci 99 suka amince, ba wanda ya ƙi.

Abin da ya fi burge ni shi ne, bayan ta yi ritaya a 2006 ita ce kan gaba wajen sukar zaɓen alƙalai, saboda kuɗin kamfen da 'yan takara ke karɓa daga mutanen da gobe za su tsaya gabansu a kotu.