Tambaya da Amsa: Mutum ɗaya, sitiyari ɗaya, awa 24

TAMBAYA: Malam, ni direban haya ne, ina ɗaukar fasinja daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. Mun yi musu a tasha da wani yaro ɗan makaranta. Ya ce wai an taɓa yin Bafaranshe da ya yi tseren mota na kwana guda cur shi kaɗai, kuma ya ci. Na ce ƙarya ce, ko jirgin ƙasa ana canza masa direba. A raba mu.
Daga wani mai karatu, ƙaramar hukumar Gumel

AMSA: Direba, yaron nan ya fi ka gaskiya, sai dai ya ɗan ƙara gishiri. Mutumin sunansa Louis Rosier, tseren kuma shi ne na Le Mans a Faransa, inda ake zagaya hanya ɗaya awa 24, wanda ya fi cin nisa shi ne zakara. A 1950 Rosier ya shiga da mota ƙirar Talbot-Lago mai silinda shida, abokin tuƙinsa kuwa ɗansa ne, Jean-Louis. Uban ya riƙe sitiyarin fiye da awa 23, ɗan bai samu ba sai ɗan taƙi. Sun ci kusan kilomita 3,465, wato kamar ka yi Kano zuwa Legas sau uku, a kwana ɗaya.

Abin da ya fi burge ni ba juriyar ba ce. Rosier mai gareji ne a garin Clermont-Ferrand, yana da shekara 44 a lokacin, ba yaro ba. Suna kan gaba sai wani ƙarfe da ke motsa bawul ɗin inji ya lalace. Ya shigo wurin gyara, ya naɗe hannun riga, ya canza shi da kansa, inji da zafinsa. Gyaran ya ci masa lokaci sosai, aka wuce shi, amma ya koma ya kamo su ɗaya bayan ɗaya. Direban da bai san cikin motarsa ba, da nan tafiyarsa ta ƙare.

A 1952 wani Bafaranshen, Pierre Levegh, ya gwada haka da Talbot, shi kuwa ko minti ɗaya bai ba abokinsa ba. Yana gaba da kowa, saura kamar awa ɗaya a tashi, injin ya mutu, Mercedes ta kwashe nasara. Har yau ana gardama ko gajiya ce ta sa ya yi kuskuren giya ko injin ne da ma ya gaji.

Yanzu doka ta hana. Direbobi uku ke raba mota, kuma ba wanda zai wuce awa 14 a sitiyari. Rosier ya rasu a 1956, bayan hatsarin da ya yi da Ferrari a filin tsere na Montlhéry, kusa da Paris. Ka sayi shayi ka ba yaron, ya ci musu.